Gurbi Huɗu, Kalsiyam Uku: Yadda Hasashe Ya Kaya da Furotin ɗin Turofonin C

Ba bugun da zuciya za ta yi, kuma ba motsin da tsokar hannu ko ta ƙafa za ta yi, sai kalsiyam ya ba da izini. Idan tsoka tana hutawa, kalsiyam ɗin da ke yawo a ruwan cikin ƙwayarta bai wuce nanomola 100 ba (nanomola ma'auni ne na yawan sinadari a ruwa, kashi ɗaya cikin miliyan na milimola). Da zarar saƙon jijiya ya iso, sai ma'ajiyar da ke cikin ƙwayar ta buɗe, adadin ya ninka goma zuwa ɗari cikin ƙiftawar ido. Furotin ɗin da ke jin wannan hauhawa ya isar da labari ga zaren tsoka shi ne turofonin, wanda Setsuro Ebashi na Jami'ar Tokyo ya gano a shekarun 1960. Yanki uku gare shi. Yankin T yana riƙe shi a jikin zare, yankin I yana hana haɗuwar aktin da mayosin, furotin biyun da ke jan juna su motsa tsoka, yankin C kuwa shi ke kama kalsiyam ya janye takunkumin.

Wannan yanki na C ya dace a yi nazari a kansa, domin daga 1973 zuwa 2003 masana sun yi ta hasashen aikinsa daga siffarsa, kuma kowane hasashe daga baya an sami hanyar gwada shi. Furotin kaɗan ne suka sami wannan gata. Mafi yawan hasashen da ake yi yau a kan furotin, ba wanda zai taɓa kai shi ɗakin gwaji.

Hannun da aka gani a tsokar kifi

Labarin bai fara daga turofonin ba. A 1973 Robert Kretsinger da Clive Nockolds na Jami'ar Bajiniya a Amurka suka fitar da siffar wani ƙaramin furotin mai suna farbalbumin, wanda suka ciro daga tsokar kifin kaf, ta hanyar harba hasken eksire a kan kiristal ɗinsa. Suka ga murɗaɗɗun sassa shida, suka laƙaba musu haruffa daga A zuwa F. Tsakanin C da D akwai madauki da ya rungume kalsiyam guda, tsakanin E da F ma haka. Kretsinger ya lura cewa idan mutum ya miƙe manuniyar hannunsa na dama, ya ɗaga babban yatsa, ya lanƙwashe na tsakiya, to ya kwaikwayi ƙirar: manuniya ita ce murɗin E, babban yatsa murɗin F, lanƙwasasshen yatsan kuma madaukin da kalsiyam ke zaune a ciki. Daga nan aka sami sunan hannun EF.

Madaukin amino asid 12 ne a jere, wato tubalan da ake ƙulla su kamar sarƙa a gina furotin, amma ba duka ke taɓa kalsiyam ba. Na 1, na 3 da na 5 galibi asfatet ne ko danginsa, kowanne yana miƙa zarrar oksijin ɗaya daga reshensa. Na 7 yana ba da oksijin daga ƙashin bayan sarƙar, saboda haka kusan kowane amino asid zai iya zama a wurin. Na 9 sau da yawa ta hannun ƙwayar ruwa yake taɓa ƙarfen. Na 12 kusan kullum gulutamet ne, kuma shi kaɗai ke ba da oksijin biyu. Idan aka haɗa, oksijin bakwai ke nan sun kewaye kalsiyam, kowanne a nisan kimanin angistirom 2.4, wato ma'aunin da yake kashi ɗaya cikin biliyan goma na mita. A matsayi na 6 akan tarar da gilaisin, wanda ba shi da reshe, shi ya sa sarƙar take iya yin kwana mai kaifi a nan. Na 8 kuwa mai gudun ruwa ne, yana nutsewa ciki ya ɗaure madaukin da na maƙwabcinsa, domin hannayen nan bibbiyu suke zama.

Wani abu ya bayyana tun a wannan siffa ta farko wanda ya kamata ya zama gargaɗi. Murɗin A da na B su ma sun yi ƙirar hannu, amma madaukinsu ya gajarta da amino asid biyu, kuma babu kalsiyam a cikinsa. Hannu uku, biyu ke aiki.

Hasashe na farko

A wannan shekara ta 1973 John Collins da abokan aikinsa suka karanta jerin amino asid na turofonin C daga tsokar zomo, furotin mai amino asid 159. Da suka jera shi kusa da na farbalbumin sai suka ga tsarin madaukin ya maimaitu sau huɗu. Suka ce to lallai gurbin kalsiyam huɗu ne, aka sa musu lamba I zuwa IV. Bayan shekara biyu Kretsinger da C. D. Barry suka ƙara taku: suka ɗauki ma'aunin zarra-zarra na hannayen CD da EF na kifi, suka ɗora jerin zomo a kai, suka gina cikakkiyar siffar furotin ɗin da ba wanda ya taɓa gani. Hannu na I da na II suka zama tagwaye, na III da na IV ma haka, sannan suka haɗa tagwayen biyu kusa da juna a dunƙule.

Batun adadi ya tabbata nan da nan. A 1975 James Potter da John Gergely suka auna, suka sami kalsiyam huɗu a kan kowane furotin. Sai dai awon ya zo da abin da siffar da aka gina ba ta faɗa ba: guraben ba ɗaya suke ba. Biyu suna riƙe kalsiyam da ƙarfi ƙwarai, kuma suna karɓar magniziyam. Sauran biyun riƙonsu ya gaza na farkon da ninki mai yawa, kusan ɗari, amma a yanayin cikin ƙwaya kalsiyam suka fi zaɓa. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, inda aka gutsuttsura furotin ɗin aka auna kowane gutsure, sun nuna cewa masu ƙarfin su ne III da IV, masu raunin kuma I da II.

A nan ne ainihin aikin yake, kuma wanda ya tsaya a ƙirga gurabe zai wuce shi bai sani ba. Magniziyam da ke yawo a cikin ƙwayar tsoka ya kai kusan milimola 1, wato ya ninka kalsiyam na lokacin hutu sau dubu goma. Magniziyam ƙarami ne, oksijin shida yake so a nisan kimanin angistirom 2.1. Gurbi na III da na IV suna iya matsewa su karɓe shi, saboda haka ba su taɓa zama fanko: ko magniziyam ko kalsiyam na ciki kullum. Gurbin da ba ya rabuwa da ƙarfe ba zai iya zama makunni ba, aikinsa shi ne ya riƙe furotin ɗin a manne da turofonin I. Gurbi na I da na II, waɗanda mai duba ƙarfin riƙo zai raina, su ne fanko lokacin hutu, su cika idan kalsiyam ya tashi, su sake shi da sauri idan ya sauka. Rauninsu shi ne amfaninsu.

Abin da kiristal ya nuna a 1985

Shekara goma aka yi kafin a ga ainihin siffar. A 1985 ƙungiyoyi biyu suka fitar da ita kusan lokaci guda: Osnat Herzberg da Michael James a Jami'ar Albata da ke Kanada daga tsokar talotalo, da Muttaiya Sundaralingam da mutanensa a Wiskonsin daga tsokar kaza. Tagwayen hannu na III da IV sun fito kamar yadda aka zana su a 1975. Amma furotin ɗin gaba ɗaya ba dunƙulalle ba ne. Kamar taɓarya yake: kai a nan, kai a can, dogon murɗi guda ya raba su, tsawonsa duka ya kai kimanin angistirom 75. A wannan shekara aka ga kalmodulin, ɗan'uwansa mai amino asid 148, da irin wannan ƙira. Hasashen ya ci a kan ƙananan sassa, ya faɗi a kan yadda sassan ke zaune da juna, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda farbalbumin ba shi da tagwaye biyu da za a kwaikwayi haɗinsu.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. An girbi kiristal ɗin ne a ruwa mai ɗan tsami, ma'aunin pH wajen 5, kuma a wannan yanayi gurbi na I da na II ba su kama komai ba. Kalsiyam biyu kawai aka gani, a III da IV. Da a ce wannan hoto kaɗai mutum yake da shi, bai san awon Potter da Gergely ba, da sai ya rantse furotin ɗin gurbi biyu gare shi, kuma da ya jefar da daidai guraben da ke motsa tsoka. A gurbin da yake fanko, gulutamet na 12 ya ja baya nesa da sauran, rassan asfatet masu caji iri ɗaya suna ture juna suna kallon ruwa. Zoben oksijin bakwai ɗin nan babu shi sai ƙarfen ya zo ya tara su.

Herzberg da James ba su ɗauki wannan a matsayin rashin sa'a ba. Suka ga cewa kiristal ɗaya ya ba su hoto biyu: kai ɗaya a cike, ɗaya fanko, kuma jerin amino asid ɗinsu na kama da juna. A 1986, tare da John Moult, suka ce idan kalsiyam ya shiga I da II, kan farko zai ɗauki irin siffar kai na biyu. Murɗin B da na C na wannan kai za su yi nesa da A da D, wani lungu mai gudun ruwa da yake a rufe zai buɗe, kuma a nan turofonin I zai maƙale ya saki aktin. Wannan hasashe ne na aiki tsantsa, an ciro shi daga siffa, kuma a ganina shi ne mafi kyau a duk labarin, domin ya faɗi abin da za a iya ƙaryatawa. A 1990 Zenon Grabarek da abokansa suka gwada shi da dabara: suka sauya amino asid biyu zuwa sistin, ɗaya a ɓangaren da aka ce zai motsa, ɗaya a wanda zai tsaya, suka ɗaure su da gadar sulfa. Da aka hana ƙofar buɗewa, furotin ɗin ya kasa kunna tsoka yadda ya kamata. A 1995 kuma ɗakin binciken Brian Sykes, shi ma a Albata, ya yi amfani da na'urar NMR, wadda ke duba furotin a cikin ruwa ba a kiristal ba, ya ga kan a buɗe da kalsiyam a ciki, kusan yadda aka faɗa.

Moult ɗin nan shi ne daga baya, a 1994, ya jagoranci kafa gasar CASP, inda ake ba masu hasashe jerin furotin da ba a bayyana siffarsa ba tukuna, a gwada su a makance.

Sai aka zo kan zuciya

Tsokar zuciya tana da nata turofonin C, daga wata ƙwayar gado daban, mai amino asid 161. Shi ne kuma ake samu a tsokar jiki mai jinkirin motsi, dalilin da ya sa likitoci idan suna neman alamar lalacewar tsokar zuciya a jini suke auna turofonin I ko T, ba C ba. Wajen kashi biyu cikin uku na jerinsa daidai yake da na tsoka mai saurin motsi. Hannu huɗu, murɗi iri ɗaya, kai biyu. Duk wanda ya ɗora siffofin biyu a kan juna zai ce abu ɗaya ne.

Amma kama da wane ba wane ba ne. Tun a tsakiyar shekarun 1970, da van Eerd da Takahashi suka karanta jerin na zuciyar saniya, suka lura madaukin gurbi na I ya lalace. An cusa ƙarin amino asid guda, balin, a matsayi na 28 na sarƙar. Asfatet biyu da ya kamata su ba da oksijin an maye gurbinsu da liyusin a 29 da alanin a 31, waɗanda ba su da oksijin a reshe ko kaɗan. Gulutamet na ƙarshen madaukin yana nan a 40, gilaisin ma yana nan, ƙirar hannun ba ta rushe ba, amma babu isassun masu riƙe ƙarfen. Suka ce wannan gurbi ba zai kama kalsiyam ba, kuma awo ya gaskata su: uku yake kamawa. Abin lura shi ne wannan hasashe bai fito daga kallon ƙirar gaba ɗaya ba. Ya fito ne daga sanin zarrar da ke yin aikin, da zuwa a duba ko tana nan.

To, gurbi na II kaɗai ke ɗauke da bugun zuciya. A 1989 John Putkey da Lee Sweeney da abokin aikinsu suka sauya asfatet na 65, wanda shi ne na farko a madaukin gurbi na II, zuwa alanin, sai furotin ɗin ya daina kunna tsoka. Shekara guda bayan haka suka yi gwajin da ya fi wannan ban sha'awa: suka gyara gurbi na I ya koma kama kalsiyam, suka bar na II a mace. Kalsiyam ya shiga gurbin da aka gyara, amma tsoka ba ta motsa ba. Ashe ko an tabbatar gurbi yana kama ƙarfe, ba a gama sanin aikinsa ba.

Saura tambaya guda: shin hasashen 1986 na buɗewar kai ya shafi zuciya? Kowa ya ɗauka haka ne. A 1997 ɗakin Sykes ya fitar da siffar kan farko na turofonin C na zuciya da kalsiyam a gurbi na II, sai ga shi kusan a rufe. A shekarar nan dai Stéphane Gagné, a ɗakin, ya nuna dalili daga ɗaya ɓangaren. Ya ɗauki na tsoka mai sauri ya sauya gulutamet na 41, wato na 12 a madaukin gurbi na I, zuwa alanin, sai shi ma ya ƙi buɗewa duk da kalsiyam. Gulutamet ɗin nan shi ne igiyar: idan ya miƙa ya kamo ƙarfen da oksijin ɗinsa biyu, sai ya jawo murɗin da yake zaune a kai, ƙofa ta buɗe. A zuciya babu ƙarfen da zai miƙa wa a gurbi na I. A 1999 Monica Li da sauran suka cike giɓin: kan yana buɗewa ne idan kalsiyam da wani gutsure na turofonin I, daga amino asid na 147 zuwa 163, suka haɗu a kansa. Kalsiyam yana sassauta ƙofar, turofonin I ya tura ta ya zauna a ciki. Siffar da Soichi Takeda da abokansa a Japan suka fitar a 2003, ta jigon turofonin na zuciyar ɗan'adam da yankunansa uku a haɗe, ta nuna gutsuren zaune a lungun, kuma dogon murɗin nan na tsakiya ya warware ya zama sako-sako.

Wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne. Magungunan da ke ƙara wa zuciya jin kalsiyam, irin su lebosimendan da ake ba masu raunin zuciya a wasu ƙasashe, a wannan kai na farko suke aiki. Wanda ya tsara magani bisa siffar tsokar zomo ko kaza zai nemi lungun da a zuciya ba ya tsayawa a buɗe shi kaɗai.

Idan aka miƙa lamarin ga kwamfuta

Hanyoyin da aka ƙirƙira don gano gurbin kalsiyam daga siffa sun tashi ne daga irin wannan lura. A 1990 ɗakin David Eisenberg ya nuna cewa ƙarfe yakan zauna inda zarra masu son ruwa suka taru a tsakiya, masu gudun ruwa suka kewaye su. A 1994 Murad Nayal da Enrico Di Cera suka bi ta lissafin nisan oksijin: a kowane ɗigo cikin siffar a tara gudummawar oksijin ɗin da ke kusa, inda jimlar ta kusanci cajin kalsiyam, wato biyu, nan ne gurbi. A Jami'ar Stanford kuma ɗakin Russ Altman ya gina manhajar FEATURE, wadda ke zana zobba a kewayen ɗigo har zuwa nisan angistirom bakwai da ɗoriya, ta ƙirga caji da irin zarra da ke kowane zobe, ta kwatanta da guraben da aka riga aka sani. Amfanin waɗannan hanyoyi shi ne ba su damu da hannun EF ba. Suna iya gano gurbi a furotin irin su tirifsin ko kadarin, inda masu riƙe ƙarfen suka fito daga wurare masu nisa a sarƙar, abin da karatun jeri kaɗai ba zai nuna ba.

A gurbi na I na zuciya irin wannan lissafi yana da abin kamawa, tunda oksijin ɗin babu su. Inda yake tuntuɓe shi ne irin kiristal na 1985, gurbi na gaske amma fanko, oksijin a warwatse. Ɗakin Altman ya fuskanci wannan kai tsaye: a 2009 Dariya Glazer da abokanta suka sa kwamfuta ta kwaikwayi motsin furotin na ɗan lokaci, suka ɗauki hotuna masu yawa daga motsin suka ba manhajar, sai ta gano wasu guraben da ta wuce a siffar da take tsaye cik. Akwai kuma matsalar abin da ake koyar da manhajojin da shi. Rumbun siffofin furotin na duniya, wanda aka kafa a 1971, yanzu ya haura siffa 200,000, amma hasken eksire ilektaron yake gani, kuma kalsiyam da fotasiyam masu caji kowanne ilektaron 18 gare shi, kamar yadda ruwa, da sodiyam da magniziyam masu caji, kowanne ke da 10. Idan hoton bai fito tar ba, sunan da aka rubuta wa ƙarfe wani lokaci zato ne na mai binciken.

AlphaFold 2, tsarin kwamfuta mai hasashen siffar furotin, wanda ya girgiza gasar CASP a 2020 kuma ya kai Demis Hassabis da John Jumper ga kyautar Nobel a 2024, ya sauƙaƙa aikin da Kretsinger da Barry suka sha wahala a kansa, har an tara siffofi sama da miliyan 200 da ya hasaso. Amma siffa guda yake bayarwa, ba ƙarfe a ciki, kuma ba ya faɗin ko ta lokacin hutu ce ko ta lokacin aiki. AlphaFold 3 na 2024 yana iya sanya kalsiyam a cikin siffar, sai dai mai amfani da shi ne ke faɗa masa irin ƙarfen da adadinsa. Idan aka ba shi turofonin C na zuciya aka ce kalsiyam huɗu, dole ya nema wa na huɗun wuri. Sanin cewa uku za a rubuta, da cewa biyu daga cikin ukun magniziyam na iya zama a cikinsu lokacin hutu, da cewa ɗayan da ya rage ba ya buɗe ƙofa sai da turofonin I, duk daga awo da sauya amino asid ɗaya bayan ɗaya aka samo su, tsakanin 1975 da 1999.